Babi na Biyar: Tukunya Cikin Tukunya

Duk wanda ya yi jami'a ko kwalejin fasaha a Nijeriya ya san siffar furojet tun kafin ya kai ajin ƙarshe. Babi biyar ne, ba ƙari ba ragi: gabatarwa, bitar abin da aka riga aka rubuta, hanyar da aka bi, sakamako, sai kammalawa da shawarwari. A buga a kai wa sufabaiza ya bi shi da jan biro, a gyara, a tsaya gaban malamai a yi difens, sannan a kai wa masu bayindin su yi masa bango mai kauri da rubutun ruwan zinare. Kwafi ɗaya na sashe, ɗaya na laburare, ɗaya na malami, ɗaya naka. Daga ranar, mafi yawansu ba a sake buɗe su. A sashenmu akwai ɗakin da aka jibge su har kusa da silin, kuma kowane ɗaya a cikinsu wani mahaifi ne ya sayar da hatsi ko akuya aka buga shi.

Wannan hali na miƙa abu don a ba ka maki, ba don abin ya yi aiki ba, tun a firamare ake koya mana shi. Ranar aikin hannu sai a ce kowa ya kawo tsintsiya ko mafici ko faifai da ya yi da kansa. Uwa ta ba ka kuɗi, ka biya kasuwa ka sayo, malami ya karɓa ya rubuta maki. Ya san ba kai ka saƙa ba, kai ma ka san ya sani. A wasu makarantu ma an taƙaita wahalar, kuɗin kawai ake kawowa. Manya na ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu, alhali a nan ne yaro ɗan shekara takwas yake fara gane cewa tsakanin aiki da sakamako akwai wata ɓarauniyar hanya, kuma babu mai tsare ta.

Ba wai waɗanda suka tsara iliminmu ba su hango muhimmancin aikin hannu ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ita ta haifi tsarin 6-3-3-4, wanda ya fara aiki a farkon shekarun 1980, kuma a cikinsa aka sa darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare. An shigo da injunan kafinta da na ƙira daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawa daga cikinsu a akwatunansu suka tsufa, saboda babu wuta, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da ya iya tayar da su. Mu da muka zo daga baya zanen zarto da guduma muka tarar a allo. A jami'a kuma akwai shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973 don ɗalibi ya je ma'aikata ya taɓa aiki da hannunsa. Shiri ne mai kyau ƙwarai ga wanda ya samu wuri nagari. Wanda bai samu ba, littafin rahoton kullum yake cikewa a zama ɗaya, ya nemi mai hatimi.

Da irin wannan tarbiyya na isa ajin ƙarshe a sashen injiniyancin noma. Abokaina sun zaɓi manyan batutuwa masu daɗin faɗa: na'urar busar da hatsi mai aiki da hasken rana, ban-ruwan da ake sarrafawa da wayar salula. Ni kuwa malamina, wani dattijo marar yawan magana, ya ce in yi aiki a kan tukunya cikin tukunya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan an daɗe da yin sa, har lambar yabo an bayar a kai." Ya ce, "An yi. Kai ka taɓa sa ma'auni a ciki?" Na ce a'a. Ya ce to in je in sa.

Wanda ya fito da wannan dabara duniya ta san ta shi ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya taso a gidan magina tukwane. A tsakiyar shekarun 1990 ya fara gwajinsa, kuma abin ba shi da wani sirri: a saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cike tazarar da ke tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin da ruwa, a zuba kayan miya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina dubban tukwane ya raba a ƙauyukan Jigawa. A shekarar 2000 ya samu kyautar Rolex ta dala 75,000. Alkaluman da aka yaɗa a lokacin su ne gauta ta kai kwana 27 maimakon 3, tumatir da tattasai su yi mako uku ko fiye, alayyafo da ke yaushi a yini guda ya kai kwana 12. Abin da ya fi damun sa kuwa ba kayan miyan ba ne, 'yan matan da ake ɗora wa talla ne, saboda in ba a sayar yau ba gobe ya lalace. In kaya za su jira, yarinya za ta iya zuwa makaranta. Daga baya dabarar ta kai har Darfur a Sudan, inda dama suna da tasu randar da suke kira zir. Ya rasu a 2010. A gaskiya ina jin ciwon cewa sai da na kai ajin ƙarshe a jami'a, a fannin noma, a ƙasar Hausa, kafin wani ya ambata mini sunan wannan bawan Allah.

Ilimin da ke ƙarƙashin abin kowace mace mai randa ta san shi a aikace. Ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa, kuma ba kaɗan yake ɗiba ba: kowane giram ɗaya da ya bushe yana tafiya da kimanin jul 2,400. Ruwan da ke cikin yashi yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin jikin babbar tukunya, iska ta kwashe shi, zafin ƙaramar tukunya ya bi shi. Tumatir kuma ko bayan an tsinke shi yana da sauran rai, yana numfashi yana ƙona abincin da ke jikinsa, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin wannan numfashi sau biyu ko fiye. Saboda haka ba sai an kai sanyin firji ba. Hasali ma tumatir ba ya son sanyin firji. Ƙasa da digiri 10 yana ɓata masa jiki da ɗanɗano.

Duk wannan na karanta shi, na rubuta a babi na biyu cikin sauƙi, har da ayyukan Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya mai hedikwata a Ilorin da reshe a Kano, wadda ita ma ta daɗe tana gwada irin waɗannan na'urorin sanyaya. Karatun gaske ya fara ne ranar da na je neman tukwane.

A kasuwa babu tukwane biyu da ɗaya za ta zauna cikin ɗaya da tazara daidai ta kowane ɓangare, don ba a gina su da wannan nufi. Sai aka yi mini kwatancen wata tsohuwa magina a wani ƙauye bayan gari. Na same ta tana kirɓa yumɓu, na durƙusa na gaishe ta, na fito da zanen da na yi da awo da komai. Ta dube shi ta mayar mini, ta ce in faɗa mata da baki abin da nake son tukunyar ta yi. Da na gama bayani ta ce, "Ɗan nan, ai randar sanyi kake so a waje, tukunyar girki a ciki. Ba yumɓu ɗaya ake kwaɓa musu ba." Ta waje, in ji ta, sai an ƙara mata ƙaiƙayi da dakakken tsingaro, in wuta ta cinye ƙaiƙayin sai jikinta ya riƙa gumi. Ta ciki kuwa a goge ta da dutse ta yi sulɓi, a gasa ta sosai, don kada ruwan yashi ya riƙa shiga yana jiƙa kaya. Ta ɗauki wasu tukwane biyu ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta ce in saurari bambancin ƙarar. Ni a littafi na san ana auna yawan ƙofofin jikin yumɓu ta hanyar jiƙa shi da ɗora shi a sikeli. Ita da kunne take yi, kuma da na jiƙa gutsattsarin tukwanen na auna daga baya, yadda ta jera su haka suka jeru.

Ta ƙara mini wani abu da ban gani a rubutun kowa ba a lokacin: randa in ta tsufa sanyinta raguwa yake yi, kuma wadda ake zuba wa ruwan rijiya mai zartsi ta fi saurin mutuwa. Dalilin a fili yake ga mai ilimin sinadarai, ruwa yana bushewa ya bar gishirinsa a ƙofofin har su toshe. Amma tambayar ba daga ɗakin gwaji ta fito ba. Da na ce, "Iya, zan sa sunanki a cikin littafin," ta ce ba ta so, in dai biya ta kuɗin tukwanenta cif.

Na fara awo a farkon Fabrairun 2022. Ranar 14 ga watan malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, ba a dawo ba sai bayan 14 ga Oktoba. Wata takwas. A tsarin da aka saba, gwajin furojet makonni kaɗan ne, ka tattara alkaluma ka rufe. Da aka rufe makaranta na ɗora tukwanena a a-daidaita-sahu na kai gida, na jera su a rumfar tsakar gida inda iska ke ratsawa. Tunda babu wanda zai karɓi aikin, babu kuma dalilin tsayawa, sai na ci gaba da rubuta awo da asuba, da azahar, da bayan isha'i. Ma'aunin zafi biyu ne da ni, ɗaya a ciki ɗaya a rataye a inuwa, da wani ƙaramin ma'aunin laimar iska da malamina ya ara mini.

Maris da Afrilu abin sha'awa ne. Azumin shekarar a Afrilu ya faɗo, ana tsakiyar bazara, mutane na layin sayen ƙanƙara da la'asar, amma ka sa hannu cikin ƙaramar tukunya ka ji kamar ka zura shi a rijiya. Da rana tsaka tazarar ciki da waje takan kai digiri goma, wani lokaci ta haura. Mahaifiyata, wadda da farko take ganin na cika mata tsakar gida da tarkace, ita ta koma tana tuna mini lokacin zuba ruwa, don alayyafonta da lansir a ciki suke kwana. A nan na lura cewa ga ganye ba sanyin ne kaɗai ke aiki ba. Iskar cikin tukunyar cike take da danshi, don haka ganyen ba ya rasa ruwan jikinsa, kuma rasa ruwa shi ne yaushi.

Sai damina ta sauka. Tun a Yuni tazarar ta fara tsukewa, zuwa Agusta ta koma digiri biyu ko uku. Tukwanen nan dai su ne, yashin shi ne, ruwan ma ba na fasa zubawa. Tumatir ya fara yin fumfuna a ciki, wani lokaci ma kafin wanda na bari a faranti a waje. Lissafi ya riga ya faɗi haka ga mai son dubawa. Sanyaya ta hanyar bushewar ruwa tana da iyakar da ba ta wucewa, kuma laimar iska ce ke yanke ta. In zafi ya kai digiri 38 laima tana kashi 15 cikin ɗari, kamar yadda ake samu a Kano a Maris, iyakar tana wajen digiri 20. In zafi 30 ne laima kuwa kashi 80, irin ta Agusta, ko me ka yi ba za ka sauka ƙasa da 27 ba. Iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta karɓar ƙari.

Da aka koma makaranta wani abokina ya duba jadawalina ya ba ni shawara tsakaninsa da Allah: in tsaya a alkaluman Maris da Afrilu, in cire na damina. Zanen zai fito tsaf, babi na huɗu zai dace da na biyu, kuma babu malamin da zai tambayi abin da bai gani ba. Ba mugu ba ne, abin da aka saba ya faɗa. Na san waɗanda suka zauna a gindin bishiya suka cike takardun tambayoyinsu da biro kala uku don rubutun ya bambanta, na kuma san shagunan buga takardu da ake sayen furojet ɗungurungum a sauya suna da shekara. Abin da ke tura ɗalibi can, a ganina, ba lalaci ne kaɗai ba. An sa mana a rai cewa furojet mai kyau shi ne wanda ya tabbatar da abin da aka yi tsammani, wanda bai tabbatar ba kuwa faɗuwa ne. Wanda ya yarda da haka, me zai kai shi rana yana awo, tunda ya san amsar tun daga babi na ɗaya?

Na kai wa malamina duka. Ya daɗe yana kallon layin Agusta, sannan ya ce, "Wannan shi ne furojet ɗinka. Na bazara kowa ya san shi." Ya umarce ni in je in tambayi masu sayar da tumatir yaushe ne suke asara.

Amsarsu ta sauya mini fahimtar aikin gaba ɗaya. Tumatirin Kano na rani ne. Ana noma shi da ruwan madatsar Tiga a filayen Kadawa da Kura da Garun Malam, kuma daga Janairu zuwa Maris yake cika kasuwa, har a Kwanar Gafan ka ga kwanduna jere ana neman mai saye ko a nawa. Wato lokacin da tumatir ya fi yawa, ya fi araha, ya fi ruɓewa, shi ne lokacin da iska ta fi bushewa, tukunyar kuma ta fi aiki. Da damina, sa'ad da tukunyar ke kasawa, tumatir ɗin ma ya yi wuya ya yi tsada, ba ya kwana a hannun mai sayarwa. Gazawar da na auna gaskiya ce, amma ta faɗo a watannin da ba a cika bukatar abin ba. Da na tsaya a Afrilu da ban ga gazawar ba, da kuma na tsaya a tsakar gidanmu da ban san ba ta da nauyin da na ɗauka ba.

Sun kuma nuna mini wanda abin zai amfana da wanda ba ruwansa. Dillalin da ke loda kwanduna a mota zuwa Legas tukunya ba ta yi masa komai. Magidancin birni da ke cefane kullum da safe ba ya ajiye abin da zai lalace. Manomin da kaya suka yi masa yawa yana da tsohuwar hanyarsa, ya yanka ya shanya ya yi kauɗa. Mai bukata ita ce mai kasa tumatir a ƙofar gida, wadda ke saro rabin kwando ta sayar cikin kwana uku ko huɗu, ribarta duka tana cikin abin da zai ruɓe a ƙasan kwandon. Wata daga cikinsu ta yi mini tambayar da ban shirya mata ba: "Malam, ruwan fa? Mu a nan jarka muke saye wurin 'yan garuwa." Tukunyar tana shan ruwa safe da yamma, kuma ranar da ta fi sanyi ita ce ranar da ta fi sha. Na koma na fara auna ruwan da nake zubawa, na ƙara shafi a babi na huɗu, na kwatanta kuɗin ruwa da kuɗin tumatirin da aka tsirar.

Babi na biyar a yawancin furojet ɗinmu jimla ɗaya ce ake juyawa: ya kamata gwamnati ta yi kaza, ya kamata a wayar da kan jama'a. Ana rubuta haka ne saboda ba a san wani takamaiman mutum da za a yi wa magana ba. Ni a lokacin na san su. Ga magina na rubuta a bambanta yumɓun waje da na ciki, a bar tazarar yashi kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku. Ga mai amfani: a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, ba a ƙuryar ɗaki ba, a ɗora a kan duwatsu don gindin ma ya sha iska, a ware ruɓaɓɓe kullum, da damina kuma a rage jiƙa murfin ko a hutar da ita. Kada a sa albasa ko hatsi, su bushewa suke so. Kada kuma a dogara da ita wurin ajiye nama, ko madara, ko maganin da aka ce a riƙe tsakanin digiri 2 zuwa 8, don ba ta kai nan ko a hunturu. Wannan gargaɗi na ƙarshe na rubuta shi da manyan baƙi, saboda na ji mutane na kiran ta firjin talaka, kuma wanda ya ɗauki sunan da gaske zai iya cutuwa.

A wurin difens, malamin da aka gayyato daga wata jami'a bai tsaya a kan zanen bazara ba. Ya tambaye ni ko na bi zancen tsohuwar nan na ruwan zartsi, wato wata nawa tukunya ke yi kafin sanyinta ya ragu, da kuma ko wanke ta ko canza yashin yana dawo da shi. Na ce wata takwas ba su isa a ga haka ba, ana bukatar rani biyu a jere a kan tukwane ɗaya. Ya juya ya ce wa shugaban sashe, ai irin wannan aikin ba a rufe shi da ɗalibi ɗaya.

Malamina ya riƙe maganar. Da zangon ya ƙare ya sa na dawo da tukwanen makaranta, na haɗa da littafin awona na hannu, ba kwafin mai ruwan zinare ba, ya damƙa wa wata ɗaliba da ke aji na ƙasa da mu. Rabin tukwanen za ta riƙa ba su ruwan rijiya, rabi ruwan famfo. Ya kuma ba wani ɗalibi aikin gina babbar irinta da jan bulo, bango biyu da yashi a tsakani, kamar wadda aka ƙirƙira a cibiyar binciken noma ta Pusa a Indiya a shekarun 1980, wadda ke ɗaukar kwanduna maimakon kwano, don a gani ko masu kasa tumatir na layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su mallaki guda. Ni aikina a ciki yanzu shi ne raka su ƙauyen Iya duk lokacin da tukunya ta fashe ana bukatar sabuwa.